Simintin Ƙafar Yayana

Yayana ɗan acaɓa ne a bakin iyaka, yana ɗaukar mutane da kaya daga Magama zuwa tsallaken Nijar. Da babur ɗin nan yake ci da gidanmu duka. Wata rana akuya ta gitta masa, ya faɗi, ƙashin ƙaurinsa ya karye. A asibiti aka naɗe masa farin siminti daga gwiwa har tafin ƙafa, mai nauyi kamar turmi, aka ja masa kunne cewa kada ruwa ya taɓa shi.

Sai ga ruwan shuka ya sauka. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san ranar nan ba a zaman gida. Muka tafi gonarmu ta Riko, shi ma ya ɗingiso da sanda ya biyo mu. Inna ta yi faɗa har ta gaji.

"Inna, zama ni kai hwa, ba aiki ba," in ji shi.

Ina zama! Ni ina sara da sungumi, shi yana bina yana jefa iri, yana rufe rami da diddigen simintin. Har da fariya, wai tasa ƙafar ta fi ta kowa danne ƙasa. Muka yi ta dariya, har Inna.

Kafin la'asar simintin ya sha laima ya yi laushi, yana marmashewa. Mutumin naka bai koma asibiti ba. Ya jera karan dawa a gefe da gefe, ya ɗaure tamau da robar da yake ɗaure kaya a babur, ya ce ai ɗori ɗori ne. Ƙashi ya haɗe, amma a karkace. Tun daga nan bai ƙara iya buga babur ya tashi ba. Har yau abin yana ci mini rai, hatsin shekara ɗaya ya cinye masa sana'a.

Yanzu rake yake sayarwa a tashar Magama. Bara ina zaune wajensa wani Bamaraɗe ya tsaya da 'yarsa, hannunta cikin wani irin ɗauri shuɗi, sakayau kamar kwando. Yaya ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Malam, wanga ruwa bai cin shi?"

"Ko kaɗan. Da shi taka wanka."

Yaya ya jinjina kai. Ya miƙa wa yarinyar rake kyauta, sannan ya ja ƙafar wandonsa ƙasa ya rufe ƙaurin.