Ranar da na ƙwace oba-oba daga hannun ɗana

Shekarun baya, lokacin jiharmu ta Zamfara tana jaririya, wayar hannun nan da kuke latsawa ko labarinta babu, ƙungiyar manoman yankinmu ta haɗa ƙarfi ta sayi oba-oba. Ga wanda bai san ta ba, akwati ce kamar rediyo, da abin magana a jikin igiya. Ka danna ka yi magana, ka saki ka ji amsa. Aka kafa ɗaya a garinmu Ruwan Bore, ɗaya a Bilbis, ɗaya a wani ƙauye na Bungudu. Uwar tana Gusau, a shagon mai gyaran rediyon da ya haɗa mana su. Kirista ne mutumin Jos, mai fara'a, matarsa kuma nas ce.

Da ya zo kafawa, ya zauna da maza a zauren mai gari ya tambaye su abin da suke so ta yi masu. Suka ce farashin gero da dawa, da ranar isowar taki, da cigiyar shanu in sun ɓata. Ba wanda ya leƙo cikin gida ya tambaye mu, mu ma ba mu nema ba. Ni da bakina na ce wannan wasan maza ne. Aka ajiye ta a zauren da batirin mota, aka damƙa riƙonta ga babban ɗana, saboda ya yi boko kuma yana da sanyin hali. Abu guda ku riƙe: duk abin da aka faɗa a cikinta, garuruwan nan duka suna ji.

To, da damina sai jikata ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar farko. Ɗiyar fari ce ga ɗan nawa. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Uba ba ya kiran sunan ɗiyar fari, ba ya hira da ita, in ana zancenta sai ya tashi. A Bilbis take aure, kuma baban mijinta shi ke riƙe da oba-obar can.

Naƙuda ta kama ta da hantsi. Ni ungozoma ce, ba yabon kai ba, rabin samarin garin nan a tafin hannuna suka fara kuka. Amma da azahar ta yi na duba, inda ya kamata in taɓa kai sai na taɓa hannu. Ɗan ya kwanta a gicciye. Na san iyakar abin da hannuna ke iyawa, wannan ya wuce ni. In ba a kai ta asibiti ba, ita da abin da ke cikinta za mu rasa. Ga motar garin ta tafi kasuwa tun safe, ga ruwa an sha.

Na yafa zane na nufi zaure. Cike yake da maza. Na yafito ɗana waje na gaya mishi komai, na ce ya kira Gusau su turo mota yanzu-yanzu. Ya koma ciki, ni ina bakin ƙofa ina saurare.

Ya danna, ya yi sallama. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi damina. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Dama... akwai 'yar rashin lafiya a gida."

Mai shagon ya ce, "Ayya, Malam. Wa ke nan?"

"Wata yarinya ce."

"Zazzaɓin damina ne ke nan. In motarku ta dawo gobe a kawo ta, madam za ta duba ta."

Ɗana ya sunkuyar da kai, gumi na tsiyaya a wuyanshi, ya ce, "To, madalla."

Madalla! Ban san lokacin da na tsallaka tabarmar mutane ba, ko takalmi ban cire ba. Na fizge abin daga hannunshi na dinga kwarara magana, na faɗi komai tiryan-tiryan. Na gama, shiru. Sai mai gari ya ce, "Inna, ai ba ki danna ba. Mu kaɗai kika gaya ma."

Na danna da ƙarfin da Allah ya ba ni na sake daga farko. "Kai mai shago, jikata ce, naƙuda take tun hantsi, ɗa ya zo da hannu. Ka nemo mota ka nemo matarka, in ka bari gobe gawa za ku ɗauka." Daga nan na juya kan ɗana. Na ce mishi kunya ce za ta haƙa kabarin ko kai, da gemunka kana cewa wata yarinya, na yi mishi wankin babban bargo. Ashe yatsana na kan madannin ban saki ba. Sai da mai gari ya ɓamɓare shi.

Muryar farko da ta fito ta baban mijin jikata ce daga Bilbis: "Inna, mun ji. Har faɗan ma mun ji. Ga mu nan tafe."

Sai ga muryar nas ɗin, mijinta ya aika an kira ta. Ta ce, "Mama, kada ki ja hannun, kada a ba ta jiƙo, ki kwantar da ita a gefe. Da ni za a zo a motar." Ni da ba a gaya mani aikina, ranar na ce to.

Motar a-kori-kura da suka samo ta maƙale a rafi. Maza suka ɗaura shanu a amalanke, muka shimfiɗa jikar tawa a ciki, ina riƙe da kanta har muka tarar da su. Uban yana gaba yana jan shanun, bai waiwayo ba ko sau ɗaya, amma ban taɓa ganin an kori shanu haka ba. A Gusau aka yi mata aiki aka ciro ɗiya mace, hannunta a kumbure amma tana tsala kuka. Uwar ma ta tashi. Mai gari ya gaya mani da labarin ya iso ta oba-oba, sai ɗana ya zagaya bayan rumbu ya daɗe.

Bayan suna mai shagon ya dawo garinmu tare da matarsa. Shi ya tsaya a zaure, ita ta bi gida-gida ta zauna da mata a kan tabarma. Abin da ta ji ya cika mata kunne: haihuwa, jini, yaro mai sanƙarau, duk abubuwan da mace ba za ta aika a faɗa gaban maza ba. Da ta fito ta gaya mishi, ya ce da ni, "Mama, na zaci na tambayi gari, ashe rabinsa na tambaya." Na ce mu ma da muka yi shiru muna da namu kason. Ƙungiya ta zauna, aka ƙaro akwati ɗaya aka kafa a ɗakina, ya ware mana layin da shagonsu kaɗai ke ji. Matan da akwatin nan ta taimaka ma ba zan iya lissafa su ba.

Abin da na ɗauka shi ne, in za ku kawo ma mutane abu, kada ku tsaya ga abin da za su faɗa a cikinsa. Ku bincika abin da bakinsu ba zai iya faɗa ba, da gaban wanda ba za su iya faɗa ba. Ɗana ba mugu ba ne, tarbiyyar da na yi mishi ce ta riƙe mishi harshe.

Jaririyar nan yanzu ita ma uwa ce. Duk ranar da ta yi sallama ta shigo da goyonta, sai in kama hannun nan nata in jujjuya, tana dariya tana cewa mi nike nema. Ajiyar zuciya kawai nike yi, in ce Alhamdulillahi.