Katifar Kayan Ɗakina

Mahaifina kafinta ne a Rafin Guza. Da aurena ya tashi, shi da kansa ya haɗa min gado da katakon maɗaci, ya yi wata guda yana aikinsa da yamma bayan ya sallami aikin mutane. Katifa kuwa ba sana'arsa ba ce, sai ya je kasuwa ya sayo ta soso, daidai ƙarfinsa. Ba ta da kauri sosai. A wajenmu gado da katifa da kujeru da kwanuka duk iyayen amarya ke kaiwa, na miji shi ne ya ba da ɗaki. Abin da aka jera a ɗakin nan shi ake kallo a san gidan da yarinya ta fito.

Ranar jere ban je ba, amarya ba ta zuwa. Ƙanwar mahaifiyata ce ta ja mata suka tafi Unguwar Rimi, wani ɗan gidan gwamnati mai ɗaki biyu da falo da aka ba maigidana a wurin aiki. Dangin ango suka zo ganin ɗaki kamar yadda aka saba. Yayarsa ta danna katifar da tafin hannu ta ce, "To, za ta riƙe su kafin a samu ta kirki." Matan wurin suka yi dariya. Ƙanwar mahaifiyar tawa ta dawo da maganar a ƙullace, ta zazzage ta a tsakar gida, Baba yana ƙofar ɗakinsa yana alwala. Ya wanke ƙafarsa ya fita masallaci. Ni ina ɗaki da lalle a hannu ina ji, na kuwa ƙudura a raina cewa ba mai fitar da katifar nan daga ɗakina.

Shekara goma sha tara na riƙe wannan alkawari da ba wanda ya ɗora min.

Maigidana, wanda nake kira Malam, dogon mutum ne mai jiki, ba mai yawan magana ba, amma akwai shi da zolaya. Aikinsa na zama ne, daga safe zuwa la'asar yana kan kujera da fayil-fayil. Da yara suka zo muka bar musu ɗaki na biyu, saboda haka ba shi da turaka, ɗakina ne ɗakinsa. Soso kuwa mutuwa yake yi. Kafin shekara bakwai katifar ta yi rami a tsakiya kamar ƙwarya. Nakan juya ta, in shanya ta a rana, ta ɗan farfaɗo kwana biyu ta koma.

Sau biyu kawai ya taɓa yi min maganarta. Na farko cikin wasa ne, yana shirin fita ofis yana miƙa, hannu a ƙugu.

"Uwargida, katifar nan taki ta kai shekarun ritaya. A ba ta fansho ta huta."

Na ce, "Idan ta yi wa matsayinka kaɗan ne ka faɗa, sai in je in gaya wa Baba."

Ya dube ni da mamaki, ya ce abin bai kai nan ba, ya ɗauki hularsa ya fita. Ban taɓa gaya masa abin da yayarsa ta faɗa ba. Ina jin har ya bar duniya bai san da wa nake faɗa ba.

Na biyu ya zo ne watanni kaɗan bayan rasuwar Baba. Ya sayo wa yara sababbin katifu, ya ce a hankali ko a ƙara guda a kawo mana. Na fashe da kuka, na ce ƙasa ba ta gama cin mahaifina ba ana so a zubar da abin da ya bar min. Ya ba ni haƙuri har sau uku. Bayan mako guda na ga ya shigo da wani faffaɗan allon katako ya zura shi ƙarƙashin katifar ta gefensa. Daga nan bai sake buɗe baki a kanta ba.

Ba zan ce ban gani ba. Ni nake shafa masa man zafi a gadon baya da safe. Ni na ga ya daina sa takalmi mai igiya saboda sunkuyawa. Ran Asabar yakan shimfiɗa darduma a falo ya kwanta a ƙasa, matashi ƙarƙashin gwiwa, in baƙi sun shigo in ce musu Malam mutumin ƙasa ne, ba ya son gado. Har na faɗa sau da yawa na fara yarda da kaina. Kuɗin katifa kuma bai taɓa gagarar mu ba.

Daminar bara waccan ƙafafunsa suka fara ɗaukewa. Aka kwantar da shi a asibiti, aka yi gwaje-gwaje, aka gano ciwo a ƙashin bayansa, irin wanda likitoci ke sassauta murya in za su faɗa. Na bi likitan har baranda na tambaye shi ko makwanci na iya jawo wannan. Ya ce a'a, ba ruwan katifa. Washegari na sake tambayarsa, ya sake ce min a'a. Amma zafin yana hana Malam barci, kuma barcin shi ne abin da ya rage da za mu iya nema masa.

Wata mata a sashen gashin ƙashi, wadda ke koya masa yadda zai riƙa tashi da kwanciya, ita ta tambayi irin katifar da yake kwana a kai a gida. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Mai kyau ce," in ji shi.

Matar ta juyo wajena ta tambayi shekarar katifar nawa. Na faɗa. Ta rubuta wani abu a takarda, sannan ta ce a nemo wadda ba ta da taurin dutse kuma ba ta da laushin da mutum zai nutse, tsaka-tsaki, irin mai sifirin na ƙarfe a ƙasa da soso a sama. Malam yana kallon silin. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Ƙanwata da ke aure a Abakpa ce ta raka ni shagon katifu. A cikin keke na ba ta labarin duka, tun daga ranar jere, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ita ba ta iya ɓoye magana.

"Yaya, ke fa wani lokaci sai a hankali. Ai da ke kika sayo da hannunki tun tuni, wa zai ce an raina gidanmu? Kayan ɗakinki ne dai."

Har muka sauka maganarta tana yi min yawo a kai. Shekara goma sha tara wannan ƙofa tana buɗe, ban taɓa kallon wajenta ba.

Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu. Katifu a jingine har rufi cikin leda, uku kuma a shimfiɗe a kan gadaje don gwaji. Na shiga ina danna su ɗaya bayan ɗaya, ya bar ni na gama sannan ya ce, "Hajiya, katifa ba tumatir ba ce, ba a latsawa a saya. Ina mai kwanciyar?" Na ce yana asibiti. Ya yi masa addu'a, ya jawo mana benci.

Ya nuna mana mai taurin, wadda mutane ke rububi da zarar an ce ciwon baya. Ya ce ga mai ƙiba tana iya yi, amma wanda ciwo ya rame da shi za ta ci masa kafaɗa da ƙugu. Mai laushin kuma daɗinta na mintin farko ne, mara lafiya in ya nutse ba ya iya juyawa sai an ɗaga shi. Ta tsakiyar ce matar asibiti ta kwatanta. Ya ɗauko wani yankakken samfuri ya nuna mana cikinta: ƙananan sifirin, kowanne a cikin 'yar jakarsa ta ƙyalle, a samansu soso hawa biyu. Ya ce sifirin ke riƙe baya, soso ke lallashin ƙashi, kuma in ɗaya ya juya ɗayan ba ya ji. Gefenta an ƙarfafa shi yadda mutum zai zauna a baki ya yunƙura ya tashi.

Sai ya tambayi yadda maigidan ke kwanciya, rigingine ko ta gefe. Na ce ta gefen dama, can bakin gado, hannu ɗaya riƙe da katakon gadon. Ban ji nauyin maganar ba sai da ta fita daga bakina. Dattijon ya ce haka mutum ke yi in tsakiya ta lotsa, yana kwana yana riƙe kansa kada ya gangara. Ƙanwata ta sunkuyar da kai tana gyara zoben hannunta.

Ya ce tunda mai ita ba ya nan, sai ni in kwanta, minti goma aƙalla a kan kowace. Na ce ba zan iya kwanciya a shago ba. Bai yi musu ba, ya ɗauki bencinsa ya fita ya zauna a ƙofa ya ba mu baya, yana tare masu shigowa. Na cire takalmi na hau da hijabina. Mai taurin ta bar rata a ƙasan bayana, har ƙanwata ta zura hannu ya wuce. Mai laushin ta haɗiye ni. Da na kwanta a kan ta ukun, sai na ji wani abu a ƙuguna ya saki, wani ɗauri da ban san ina ɗauke da shi ba. Ashe ni ma bayana yana ciwo. Na kwanta ina kallon fanka tana juyawa, hawaye yana gangara min cikin kunne. Ƙanwata ta ce a hankali, "Yaya, in barci za ki yi ki bari a kai ta gida."

Matsala ta fito wajen awo. Na auno gadon da tef tun a gida, da na faɗi awon dattijon ya girgiza kai. Baba ya yi gadon ne da idonsa, ya gaza na kanti faɗi da kamar yatsa uku. Tsohon soson yanka shi aka yi da wuƙa ya shiga. Mai sifirin ba a yanka ta. Ko dai in jira mako uku a yi min ta musamman, ko in canza gado. Malam kuwa jibi za a sallame shi.

Ƙanwata ta bar min zaɓin wannan karon, ita ma ubanta ne. Na ce a ɗora katifar a mota, a haɗa da gado maras tsawo wanda ƙafar mutum za ta taɓa ƙasa in ya zauna.

Wani tsohon abokin aikin Baba na aika wa ya zo ya kwance gadon. Ya shafa katakon ya ce aikin marigayi ba ya ɓuya, ba ƙusa ko ɗaya a mahaɗarsa. Muka jingine gutsattsarin a sito. Tsohuwar katifar ni kaɗai na ɗauke ta da hannu ɗaya.

Ran Alhamis bayan azahar aka dawo da shi. Ya tsaya a ƙofar ɗaki dogare da sanda, ya daɗe yana kallo.

"Ina gadon Baba?"

"Yana sito."

"Wannan fa, wa ya saya?"

"Ni."

"To kayan ɗakinki ne ke nan. Uwargida, ina neman izinin hawa."

Ya zauna a baki, ya kwanta ta gefe yadda aka koya masa, sannan ya mirgina a hankali zuwa tsakiya. Ya ce bari ya ɗan ji ta. Ya yi barci rigingine, hannuwa a buɗe, baki a sake, irin barcin da na manta rabon da in gan shi a ciki. Na kori yara zuwa maƙwabta, na zauna a kujera. Aka kira la'asar, aka idar, ban tashe shi ba. Ina zaune ina shirya kalmomin da zan faɗa masa, ina sake jera su.

Dab da magariba ya buɗe ido. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Malam, ka yafe min."

Ya dubi taga, ya ga rana ta yi ja. Ya ce, "Kin bar ni na rasa la'asar ko? To wannan kam laifi ne. Na yafe. Kawo min ruwa."

Na san ya gane abin da nake nufi, ya kuma ba ni hanyar zillewa kamar yadda ya saba. Na bi ta. Na tashi na kawo buta da roba, har da dariya. Na ce wa kaina gobe zan faɗa masa duka, da ranar jere da komai. Goben ta yi ta zuwa, jikinsa yana ƙara sanyi, kullum sai in ga ba ranar ɗora masa wani nauyi ba ce.

Mako bakwai ya yi a kan katifar. Mafi yawan kwanakin ya samu barci. A asibiti ya cika, wata Talata da hantsi. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwancinsa.

Cikin takaba mata sun yi ta shigowa, daga Rafin Guza, daga Abakpa, da matan abokan aikinsa. Bayan gaisuwa da ya haƙuri, kusan kowace sai ta dubi fuskata ta tambaya ko ina samun barci kuwa. Nakan ce kaɗan-kaɗan, su girgiza kai su ce haka abin yake, sai a hankali. Ba gaskiya nake gaya musu ba. Da na sa haƙarƙarina a kan katifar nan ban ƙara sanin komai sai kiran asalatu, in tashi ba inda ke min ciwo. Har yau haka ne, kuma ko ƙanwata ban iya gaya wa ba.