Shaidar da Dokta Ya Hana Yaya Sale

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sale, amma har yau in na bi hanyar Fort Washington na ga ɗan sanda ya tsayar da wani a gefen titi yana sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya, sai ya faɗo mini a rai. Mu biyu ne kaɗai daga gidanmu a ƙasar nan, kuma shi ya ɗauko ni daga Zariya. Aikinsa tuƙa motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda. Mutum ne mai barkwanci, ko dariyarsa ka ji daga waje ka san ya iso.

Yana da ciwon kunne da ke sa shi jiri. In ya taso masa, ƙasa juyawa take yi, idanunsa su riƙa rawa. Inshorarsa ba ta da ƙarfi, shi kuma ba mai son asibiti ba ne, don haka ya yi abin da yawancinmu muke yi a nan: ya kai kukansa wurin namu. Yana da amini tun makarantar kwana, likita ne a Lanham, zan kira shi Dokta kawai. A falonsa yake duba Yaya bayan an ci tuwo, ya leƙa kunnen, ya miƙa masa magani daga jakarsa. Babu kati, babu fayil. Mu a ganinmu wannan shi ne zumunci.

Wata Lahadi da la'asar, yana dawowa daga suna, jirin ya taso masa, motar ta ɗan kauce wa layi, ɗan sanda ya tsayar da shi. Ba zan ce bai yi kuskure ba, da ya faka tun da ya fara jin juyin. Na kalli bidiyon kyamarar ɗan sandan a ofishin lauya. Kafin a fara gwajin maye, an tambaye shi ko yana da wata larura a ƙafa ko kunne ko ido. Yaya ya yi murmushi ya ce lafiyarsa ƙalau, ya gode wa Allah. Haka aka rene mu. Bahaushe ko yana kan gadon asibiti ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka, balle a bakin titi gaban baƙo. Sai aka ce ya bi biro da ido, idanun suka yi rawarsu. Aka ce ya taka layi diddige na taɓa yatsu, ya yi tangaɗi. Aka ce ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dafe mota.

Ya busa na'urar gwajin giya, ba a ga ko ɗigo ba. Sai suka ce to ƙwaya ce. Aka ɗebi jini, aka samu maganin nan na Dokta, irin wanda ba a bayarwa sai da takardar likita.

Lauyarsa, wata dattijuwa mai haƙuri, ta ce mana gwajin gefen titi ba wahayi ba ne, masu ciwon kunne da gwiwa suna faɗuwa a kansa ba tare da sun sha komai ba. Ta ce sabon likita zai iya tabbatar da ciwon, amma maganin da ke cikin jinin sai wanda ya ba shi ya zo ya ce shi ya ba shi, kuma don me. Yaya ya yi dariya ya ce in dai wannan ne an gama, Dokta ɗan'uwa ne.

Dokta ya daina ɗaukar waya. Da na gaji, na je gidansa da kaina. Ya sa aka kawo mini kunun aya, ya ce, "Binta, kin san ƙasar nan. In na ce na ba shi magani babu fayil, lasisina ya tafi. Ina da yara a jami'a."

Na ce, "Dokta, shi ma yana da yara."

Ya ce in yi haƙuri, za su taya shi da addu'a.

Yaya ya hana lauya ta kira sunan amininsa a kotu, wai ba zai zama sanadin tonon asirin kowa ba. Ya amsa laifi, aikin tuƙi ya tafi. Ya koma gadi a wani dogon bene a Alexandria. Abin da ya fi cin ransa shi ne mutanenmu. A masallaci aka daina miƙa masa makullin motar da ke ɗauko yaran Islamiyya, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. Dariyar nan ta ragu har ta ɓace. Bayan shekara uku zuciyarsa ta tsaya. Ranar jana'iza Dokta ne a sahun gaba, har da kafaɗarsa a makara, kuma ya fi kowa hawaye.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Zai ji daɗi cewa matasanmu sun waye, sun san in ɗan sanda ya tambayi lafiyarka ba gaisuwa yake yi ba, ka lissafa masa ciwonka duka. Kuma na san zai nema wa Dokta uzuri, don halinsa ke nan. Ni ban gaji wannan halin ba. Tsoron da Dokta ya ji a lokacin, na yi shekaru ina ƙoƙarin fahimtarsa, har na kusa yafewa.

Sai bara. Mubarak, babban ɗan Yaya, ya ga yarinya a Lanham, iyayenta suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Sunan mahaifinsa na nan a bayanan kotu, duk mai waya zai gani. Suka ce bari su tambayi wanda ya fi kowa sanin marigayin. Dokta ya yi ritaya yanzu, yaransa sun gama karatu, babu lasisin da zai rasa. Magana ɗaya ta rage masa ya faɗa, a falonsa, gaban iyayen yarinyar su biyu. Uwar yarinyar ce da bakinta ta faɗa mini amsar da ya ba su: "Allah ya jiƙan Sale, mutumin kirki ne. Sai dai kowa da jarabawarsa."

An fasa auren.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa. Akwai wata tsohuwa da yake kaiwa wankin ƙoda, 'yarta har yanzu tana kirana duk ƙarshen shekara. Akwai Mubarak, da ya ɗauko muryarsa da tafiyarsa. Ranar da maganar auren ta lalace ya zo gidana, ya zauna a kicin bai cire takalmi ba. Can ya ɗago ya ce, "Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Baba yana sha?"