Sojojin Jinin Raliya

A ƙauyenmu na kusa da Suki, a ƙasar Sudan, babu mai saurin cirar auduga kamar Raliya, har shekarar da yatsunta suka kumbura suka karkace. Ta ce sammu ne, hankalinta ya kwanta, tunda sammu ana karya shi. Aka yi mata ƙaho, aka binne ta a yashi mai zafi har wuya, duk a banza.

Ƙanenta Mato ya kai ta asibiti a Madani. Likita ya ce sojojin da ke tsaron jininta ne suka juya suna yaƙar gaɓoɓinta.

"Daktor, wa ya turo su?"

"Babu kowa, Hajja. Naki ne."

"Ni ke ciyar da su ke nan?"

Da ta dawo gida sai ta rage cin tuwo don ta hore su da yunwa. Ta rame ƙwarai, yatsun suna nan yadda suke, audugar kuwa wasu suka cire.