Kujerar da Ake Tuƙawa da Haɓa

Harsashin da ya sami yayana ba shi aka nufa ba. Yana tsugune a bakin titi a unguwar Jadid, cikin garin Sabha, inda leburori ke jiran motar ɗaukar aiki, sai motoci biyu na 'yan bindiga suka buɗe wa juna wuta. Ta bayan wuya ya shige shi. Ya rayu, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi.

Shekara guda ya yi a kan katifa a ɗakinmu na unguwar Hajara. Ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci, kafin in tafi jami'a da bayan na dawo. Mutumin da ke saɓa buhun siminti biyu, yanzu ko ƙuda sai ya kira ni in kore masa. Wata rana ya ciji cokali har haƙorinsa ya tsage, don na goge masa baki bai ce ba.

'Yan ƙasarmu, mutanen Nijar da ke Sabha, suka samo masa tsohuwar kujerar guragu mai batir. Sandar tuƙinta ta hannu ce, shi kuwa ba hannun. Na yi kwana uku ina karanta littafin da ya zo da ita, sannan na zana wa wani mai walda abin da nake so: ƙarfe ya lanƙwaso daga bayan kujerar ya riƙe sandar a ƙarƙashin haɓa. In ya danna haɓa ƙasa, ta yi gaba. In ya ɗaga kai, ta tsaya.

Da ya ƙware a tsakar gida, sai ya ce zai je Jadid shan shayi wurin abokan aikinsa, shi kaɗai.

"Yaya, bari in raka ka."

"Kai, ɗan boko, na gaji da ganin fuskarka. In ka biyo ni, da kujerar nan zan take ka."

Na bi shi daga nesa, da hantsi, ina laɓewa bayan motoci.

A hanya akwai bawwaba, shingen da 'yan bindiga ke tsare mutane. Duk baƙo a Sabha ya san ka'idarta: ba a kallon mai bindiga a ido, kai ake sunkuyarwa. Yaya ya shekara tara yana haka. Ni da na auna kowace ƙusa, ban tuna da wannan ba.

Wani dogo mai bindiga ya daka masa tsawa. Yaya ya tsaya daidai gabansa, sannan ya sunkuyar da kai. Kujerar ta zabura, matakin ƙafarta na ƙarfe ya daki ƙwaurin mutumin.

Gindin bindiga ya sauka a goshin Yaya. Kansa ya faɗo kan sandar, kujerar ta sake zabura ta ture gangar da aka tare hanya da ita. Wani ya harbi taya. Kujerar ta kife, Yaya ya zubo da fuska a kan kwalta, ba hannun tarewa. Suka yi ta shurin cikinsa, shi bai ma ji. Na sheƙo ina ihu, aka tare ni da bakin bindiga a leɓe, na ji haƙorina a kan harshena.

Ni da ko a aji ba na iya ɗaga murya, na ja rigar babbansu, wani mai furfura, ina tofar da jini ina cewa da Larabci, "Girmama ku ya yi! Ku duba!" Na danna sandar da yatsa, tayar da ta rage ta juya a iska. Mai furfurar ya dubi sandar, ya dubi haɓar Yaya.

"Ɗauke shi," ya ce.

Ɗinki bakwai aka yi masa a goshi. Na cire batirin na ɓoye bayan littattafaina.

"Mayar da shi."

"Za su kashe ka, Yaya."

"A katifar nan me nake yi? Ba mutuwa ba? Kai ka sa mini ƙafa, kai kuma za ka cire?"

Ya daina karɓar abinci daga hannuna. Kwana biyu ya datse haƙora. A na uku na mayar da batirin, na nemo wata tayar.

Ranar da ya koma, na tsaya a kwanar layinmu, inda ake hango shingen. Dogon nan na wurin. Tun daga nesa Yaya ya ɗaga kai, ya dube shi tsakiyar ido, ya ɗaga murya da gurgun Larabcinsa:

"Salamu alaikum! Ba raini ba ne. In na sunkuya, ƙafarka ce za ta sha!"

Dogon ya ɗaga bindigar. Ya daɗe yana kallon ɗinkin goshin, sannan ya ja ƙafarsa baya, ya ture gangar gefe da bakin bindigar.

Yaya ya danna haɓa ya wuce. Na koma ɗaki na buɗe littafi, ban karanta ko layi ɗaya ba, har na ji ƙarar kujerar a ƙofa bayan la'asar, yana kiran in buɗe masa.