Ƙaryar da Na Yi a Makokin Shugaban Ƙasa

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da uku, ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati a nan Potiskum, ga sabon keke, ga baki da ya fi ƙarfina. Yau har jikokina sun fara aure. 'Ya'yana sun roƙe ni kada in rubuto wannan wasiƙa, wai zan zubar musu da mutunci a gari. Na ce musu ni na yi abin, ni zan faɗe shi, wanda zai ji kunya ya ji.

Wanda bai ga zamanin shugaban nan ba, da wuya ya gane irin son da muka yi masa. Soja ne, matashi, ko shekara bai cika a kan mulki ba. In ya yi magana a rediyo ba ya jan ta, kuma kafin mako ya zagayo sai ka ga aikinta a ƙasa. Manyan da muke zaton mutuwa ce kaɗai za ta raba su da kujera, aka wayi gari an sallame su. Manomi ya taho daga Mamudo da takardarsa, a sa masa hannu a ranar, ba a ce ya dawo jibi ba. Na yanko hotonsa daga jarida na manna a bangon ɗakina. A teburin mai shayi kuwa, duk wanda ya taɓa shi da ni zai yi.

Sai dai a baki kawai nake bin sa, don kullum a makare nake zuwa aiki. Oganmu Kirista ne daga tsakiyar ƙasar nan, dattijo mai tabarau, Hausarsa a karkace amma ba ya ƙarya da ita. Da aka ba da umarnin zuwa aiki a kan lokaci, sai ya ajiye littafin sa hannu a teburinsa, lokaci na cika ya ja jan layi. Sau uku sunana na faɗawa ƙarƙashin layin. A na ukun ya miƙa mini takardar gargaɗi a gaban abokan aiki, ya ce in da gaske nake son shugaban, in fara da tashi da wuri. Aka yi mini dariya. Na ƙullace shi.

Ranar da abin ya faru muna ofis, sai rediyon Oga ya koma kiɗan soja. Can labari ya iso cewa an tare motar shugaban a hanyarsa ta zuwa aiki an harbe shi. Oga ya cire tabarau, ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Da kunnena na ji yana maimaita cewa an cuce mu. Da muka fito kasuwa ta watse, masu shaguna na ta rufewa, ana jin kukan mata daga cikin gidaje kamar kowa ya rasa ɗansa na fari.

Washegari da safe a teburin mai shayi, wani ya ce ai waɗanda suka yi kisan 'yan yankin su Oganmu ne. Rai ya ɓaci, kowa na neman wanda zai huce a kansa. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce ai ni shaida ne, da labarin ya zo dariya Oga ya yi, har da tafi. Kafin hantsi maganar ta zaga gari, an ƙara mata cewa har akuya ya yanka don murna. Da na ga samari sun nufi gidajen ma'aikata da sanduna da duwatsu, sai na hau kekena na gudu gida, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Mahaifiyata ta ji daga maƙwabta. Ta turo ƙofar, ta tambaye ni da yarenmu na Ngizimanci ko da idona na ga dariyar. Na kasa ɗaga kai. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je ta zauna a bakin ƙofar bawan Allah nan, duk mai jifa ya fara da matar da ta haifi maƙaryacin. Ta fita. Na bi ta a baya.

Muka tarar an riga an fasa tagogi biyu. Daga ciki ana jin matar Oga tana addu'a da ƙarfi, 'ya'yansu mata na kuka. Inna ta ratsa tsakiyar samarin nan ba ta kalli kowa ba, ta zauna a dokin ƙofa. Ni kuma na tsaya a gabanta na ɗaga murya: "Ƙarya na yi! Wallahi kuka ya yi, ni na gan shi. Gargaɗi ya ba ni a kan makara, shi ne na rama." Wani daga cikinsu, wanda muka yi firamare tare, ya maka mini sanda a baki, haƙora biyu suka zube. Na tofar da jini na sake faɗa, ban matsa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka yar da duwatsun suka watse, suna tsine mini.

Oga ya fito da ruwa a kwano ya miƙa mini in wanke baki. Bai kai ƙarata ko'ina ba. Bayan wata biyu ya nemi canjin wurin aiki. Da na je neman gafara, ya ce shi ya yafe tun ranar, amma matarsa ba ta ƙara samun natsuwa a garin nan ba. Ban sake ganinsa ba. Sunan maƙaryaci kuwa ya bi ni shekaru, ko rantsuwa na yi ba a yarda.

Na yi nadamar ƙaryar har gobe, amma ban taɓa nadamar tsayuwar nan ba, kuma ba wanda zai sa in yi shiru a kanta. Na gane cewa kukan mutuwar shugaba ba shi ne biyayya ba. Mutumin da ya fi mu bin tafarkinsa a ofishin nan, shi muka je jifa da sunan shugaban. Ku matasan yau da ke riƙe da waya, maganar da ta ɗauki rabin safiya kafin ta zaga Potiskum, taku a minti ɗaya za ta kai Damagum ta wuce. In babban rashi ya faru, jama'a na neman mai laifi, ka binciki zuciyarka kafin ka nuna wani da yatsa. In kuwa ka riga ka faɗa, tashi ka janye ta da bakinka a gaban waɗanda ka faɗa wa, tun mutumin yana numfashi. Za a zage ka, ƙila ma a fasa maka baki. Ba za ka mutu ba.