Ɗan Yatsan Raino

Duk sanda na ji jariri yana tsotso, wannan ƙarar cak-cak ɗin, sai ɗan ƙaramin yatsana na hagu ya ɗauki ƙaiƙayi. Kada ku yi dariya, yatsan nan ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa.

Ina da shekara bakwai aka haifi ƙanena a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Mairuwa. Inna tana sana'ar ƙuli-ƙuli, hannunta ba ya rabuwa da mai da wuta, don haka raino ya faɗo kaina. Yaron kuwa rigimamme ne, goyo ba ya sa shi shiru, jijjiga ma haka. Kakarmu ce ta wanke min yatsa wata rana, ta yanke farcen da reza, ta sa masa a baki. Nan take ya yi luf.

Daga ranar na zama ta gindin bango. Ya ƙi yatsan kowa, har na Inna. In ya yi barci na zare a hankali, sai ya buɗe ido ya tsala ihu. Ina zaune a tabarma, ƙafa ta yi tsami, yatsa ya yi fari ya tattare, ina jin tsarana suna wucewa ta bayan danga.

Da damina ta ja baya aka ce malamin firamare zai rubuta sunayen yara masu shiga makaranta ranar Litinin. Ina son zuwa kamar in mutu. Na taɓa ganin yadda ake shafa maɗaci a nono in za a yaye yaro, sai na jiƙa ɓawonsa a ɓoye, na tsoma yatsana, na sa masa a baki.

Ya yi kuka har muryarsa ta dishe, nono ma ya ƙi kamawa. Kaka ta kama hannuna ta lasa, ta tofar.

"Ke ɗiyar nan, mi kinka yi? Jinjiri ɗan wata biyar za ki yaye? Tashi ki wanke, ki zamna."

Na wanke, na zauna. Litinin ta zo ta wuce yana tsotso, ina kuka ba sauti don kada ya farka. Aka ce baɗi. Kafin baɗi Inna ta sake samun ciki. Makarantar da ban shiga ba ke nan.

Yanzu zamani ya sauƙaƙa. Jikata ta fari, a nan Kankara, robar tsotso aka saya mata, a tafasa a ba ta, kowa ya kama harkarsa. Ban ji haushi ba, wallahi daɗi na ji. Shekaranjiya uwarta, matar ɗana, ta dawo daga asibiti da takardar da ke bayanin yadda ake raba yaro da robar a hankali. Hannunta da kaya, ta miƙo min.

"Hajiya, duba min, daga wata nawa suka ce a fara?"

Na karɓa na riƙe, na daɗe ina kallon rubutun. Sai na ce mata ta bari mijinta ya dawo ya karanta mata.